Sulken da Allura Ba Ta Zaɓa Ba

"Na ce ranar Asabar babu mai taka mini gida! Kin ji ko ba ki ji ba?"

Allura tana tsaye a bakin ƙofar falo, tef ɗin awo rataye a wuyanta, ko takalmi ba ta gama cirewa ba. A shago aka kira ta cewa Baba yana nemanta yanzu-yanzu, ta bar rigar mutane a bakin keken ɗinki ta taho. Tun da ta ga takalman Gwaggo a ƙofa gabanta ya faɗi.

"Baba, me ya faru? Kai fa da bakinka ka ce su zo."

"Da bakina na ce, da bakina na janye."

Kwana huɗu ya rage iyayen Injiniya su zo neman aurenta. Injiniya dai ba wani injiniya ba ne, mai gyaran waya ne a rumfar da ke tsallaken shagonta. Unguwa ce ta laƙaba masa sunan, kamar yadda ta laƙaba mata Allura saboda sirantaka da kaifin baki. Shekara guda cur ta yi tana lallashin Baba kafin ya amince. Baba direban babbar mota ne, shekara talatin yana kan hanya, abin da idonsa ya gani a tasha-tasha ya hana shi yarda da kowane saurayi. Abin da ya fi tsaya masa a wuya shi ne a gem, wato wasan kwamfuta, suka saba.

"Mutumin da sana'arsa danne-danne, hutunsa danne-danne, yaushe zai riƙe gida?" Haka yake cewa kullum.

Gwaggo, yayar Baba, ta cika doguwar kujera ita kaɗai tana karkaɗa ƙafa. A ƙasa kusa da ita ɗanta ne mai shagon magani, Mai Kyamis, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya zo ta'aziyya. Shekara biyu yana bin Allura, shekara biyu tana ce masa Yaya, don ya san matsayinsa. Umma kuwa ta raɓe a ƙofar kicin, idanunta sun yi ja.

"Nuna mata," in ji Gwaggo. "Nuna mata ta ga kanta."

Mai Kyamis ya miƙo waya ba tare da ya ɗago ba. "Wallahi, ƙanwata, ban so ya kai haka ba. Amma ciwon 'ya mace na dangi ne."

Allura ta karɓa. Ta duba.

Hoto ne daga cikin gem. Jarumai biyu sun taka kan wani mataccen dodo. Namijin a rufe yake da ƙarfe tun daga ƙafa har ido. Macen kuwa, wasu ƙarafa biyu ne a ƙirjinta kamar murfin kofi, sai wata sarƙa a ƙugu da ɗan ƙyalle da bai kai tafin hannu ba. Ciki a waje, cinyoyi a waje. Kuma fuskar ta Allura ce. Ga wushiryar, ga ɗigon baƙi a gefen hanci. A saman kanta an rubuta ALLURA da manyan baƙaƙe.

"Samarin unguwar nan duk sun gani," in ji Baba. "Mai wankin motata ya gani. Ni ne na ƙarshe. Uwata, abin da kike kulle ɗaki kina yi ke nan?"

Sai Allura ta yi dariya. Dariyar wanda hankalinsa ya kwanta.

"Au, dariya ma kike?" Gwaggo ta tafa hannu. "Ka ga abin da nake gaya maka. Ido ya bushe!"

"Gwaggo, haɗi ne. Ƙarya ce aka zauna aka haɗa." Ta juya ga mahaifinta ta durƙusa. "Baba, ka ba ni minti biyu ka ji. Na san wannan sulken. Kowace mace da ke gem ɗin nan ta san shi, kuma ta tsane shi. Waɗanda suka ƙera gem ɗin haka suka tsara: namiji in ƙarfinsa ya ƙaru, sulkensa ya ƙara rufe shi. Mace in ƙarfinta ya ƙaru, kayanta su ƙara ƙanƙancewa. A kan dutsen ƙanƙara ake yaƙin nan fa, Baba, shi yana cikin ƙarfe da bargo, ita an bar ta da murfin kofi. Ni tela ce, na san aikin wanda bai taɓa tambayar mace me take son sawa ba."

"To ke wa ya aike ki can?" in ji Gwaggo.

"Ina son wasan, Gwaggo. Laifi ne? Na mutum biyu ne, ɗaya ba ya wucewa sai da ɗaya. In zan hau dutse shi ke riƙe mini igiya. In ya faɗi, ni ke ɗaga shi."

"Kun ji ko! Tun ba a ɗaura ba har ta fara ɗaga shi!"

"Yaya, bari ta ƙarasa," in ji Baba.

"Wata biyu na yi ina tara zare da rini a cikin gem ɗin, har na haɗa wa jarumata doguwar riga shuɗiya mai hula, har ƙasa, mai dogon hannu. Ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Bugu uku ake mini na faɗi, mai wancan sulken sai an yi mata goma. 'Yan gem har ba'a suke mini, wai Hajiya ta zo yaƙi. Na ce na ji. Ban taɓa sa wancan abin ba, ko na ƙiftawar ido. Kuma dodon nan da kuke gani a ƙasa, ba mu kashe shi ba. Sau arba'in yana kashe mu."

Ta kalli Mai Kyamis sama da ƙasa.

"Yaya, da ka sani ka tsaya a kan maganin tari. Haɗa hoto ba layinka ba ne."

Mai Kyamis ya ƙara sunkuyawa.

Baba ya share gumi da hularsa. Duk uban da ya haifi mace ya san irin wannan tsayuwar: kana so ka yarda da 'yarka, kana tsoron a yi maka dariya a bayan ido.

"Kina da shaida?"

"Yanzu kuwa."

Ta shiga ɗakinta da sauri ta kinkimo injin gem ɗin da wayoyinsa. Kwana takwas ba ta kunna shi ba, tun da ta karɓi ɗinkin kayan 'yan makaranta. Ta durƙusa bayan talabijin ɗin falo ta jona, ta hure ƙurar da ke kan abin dannawa, ta sa lambar sirrinta.

"Baba, matso kusa. Umma, ki zo ki ga rigar, har aljihu na yi mata. Gwaggo, a sa tabarau."

Allon ya yi baƙi. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Umma tana ta motsa baki da addu'a.

Sai haske ya kawo.

Ga jarumarta nan tsaye a tsakiyar allo mai inci arba'in da biyu, da wushiryarta da ɗigon hancinta. Babu shuɗiyar riga. Ƙarafa biyu a ƙirji, sarƙa a ƙugu. Kuma da yake babu wanda ya danna komai, sai ta yi abin da aka tsara mata ta yi in an bar ta tsaye: ta dafa ƙugu, ta karya wuya, ta kashe ido ɗaya.

Abin dannawa ya suɓuce daga hannun Allura.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Umma, ta rufe fuska da mayafi.

"To! Shaida ta zo da ƙafarta," in ji Gwaggo. "Tabarau ma ban sa ba, na gani tas."

"Wallahi ba ni ba ce! Baba, wallahi tallahi ba ni na sa mata ba!"

Hawaye suka ɓalle mata. Ta rarrafa ta fizge wayar wuta, allon ya mutu, amma kamar har yanzu abin yana tsaye a falon.

Baba bai yi tsawa ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Uwata. Lambar da kika danna ɗazu. Ban da ke, wa ya san ta?"

Ta sunkuyar da kai.

"Tambayarki nake."

"Mutum ɗaya ne," ta ce a hankali.

"Sai a faɗi sunansa mana, ko nauyi yake a baki?" in ji Gwaggo. "Tun a hoto ya tuɓe ki, ina ga an kai masa ke gida? Ga ɗan'uwanki nan, jininki, mai shago da rufi, kin tsaya wa mai rumfar kwano."

Allura ta miƙe. Ba ta ɗauki jaka ba, ba ta canza takalmi ba, ta fice.

"Uwata! Uwata, dawo nan!"

Ba ta waiwayo ba. Baba ya zura takalminsa ya bi bayanta. Ba fushi ne ya tashe shi ba, titi ne. Ya san yadda mai kuka yake tsallaka kwalta, ya sha ganin ƙarshen haka ta gilashin mota. Ya bi ta daga nesa har ya ga ta haye lafiya, sannan ya ja numfashi.

Injiniya yana sunkuye a kan wata waya da ya buɗe cikinta, ƙarfen narka dalma a hannunsa, hayaƙi siriri na tashi. Ya ɗago ya gan ta, fuskarsa ta washe.

"Ranki ya daɗe! Yau kuma da rana tsaka? Ko keken ne ya..." Sai ya ga idanunta. "Subhanallahi. Wa ya mutu?"

"Ka shiga da lambata?"

Ya ajiye ƙarfen. Wani ɗan murmushi ya suɓuce masa, irin na wanda aka kama yana ɓoye kyauta.

"Kash! Kin kunna ke nan. Na so sai ranar Asabar ki gani. Allura, mun kashe shi! Dodon nan ya faɗi! Kin san abin da ake ba mutum biyun da suka kashe shi? Gida a kan dutse, da sunayensu a ƙofa. Na ce kafin mu samu na ƙasa, bari mu fara da..."

"Ina rigata?"

"Tana nan a akwatinki, ban taɓa ta ba. Mantawa na yi ban mayar miki ba, wallahi farin ciki ne ya..."

"Ka tuɓe ni."

"Haba, wace irin magana ce wannan? Sulke na canza. Na minti ashirin kacal. Ke ma kin san da rigar nan ba za mu taɓa wucewa ba. Sau arba'in fa!"

"Sau arba'in ina faɗuwa, ka taɓa jin na ce na gaji?"

"Ni na gaji! Kullum ni ke jan ki daga ƙasa, kullum ana mana dariya."

"Au, ashe nauyi nake maka."

"Ban ce haka ba."

"Ka ce. Wata biyu ina haɗa rigar nan kana kallo. Kai ka taya ni neman shuɗin rini, har kana cewa ta fi ta kowa kyau. Ashe a ranka jira kake in juya baya." Muryarta ta karye, ta share hawaye da bakin mayafi. "Ka san duk wanda ya kashe dodon nan ana kafa hotonsa a dandalin gem kowa ya gani. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya dafe goshi.

"Na manta da wannan."

"Ka manta. Uwata ta gani. Ubana ya gani, a falonmu, da hannuna na kunna masa ina rantsuwa ƙarya aka yi mini. Ina kare ka, ina zagin mutane saboda kai."

Mai sayar da caja na rumfar gefe ya rage rediyonsa. Wata mata da ta zo karɓar waya ta fasa tafiya. Injiniya ya rage murya.

"Don Allah ki yi a hankali, mutane na ji. Allura, zane ne fa. Zane! Ba ke ba ce."

"Ba ni ba ce?"

"'Yar tsana ce a cikin inji."

"To in ba ni ba ce, me ya sa ka zauna awa biyu kana gyara mata wushirya? Wa ya ce a matsar da ɗigon hagu kaɗan, wai a nan nawa yake? Ranar da kake so, ni ce. Ranar da za ka tuɓe ta, zane ce."



"Kai ba ka san komai ba," ta ci gaba. "Kai in ka shiga, jarumi kake. Ni in na shiga, kafin in zare takobi an turo mini saƙo goma. Wuri ɗaya na samu da na ce ga yadda za a gan ni, ni na yanka, ni na ɗinka. Shi ne ka shiga da makullin da na ba ka."

"Na yi kuskure. Ki yafe mini. Yanzu zan mayar, in rubuta musu su cire hoton, in je in durƙusa wa Baba..."

Sai ta tsaya cak. Wani abu ya faɗo mata, hawayen ma suka tsaya.

"Dakata. Dodon nan mutum ɗaya ba ya kashe shi. Dole ɗaya ya riƙe igiya, ɗaya ya sara. Kai kana riƙe da jaruminka." Ta matso har cikinta ya taɓa teburin. "Wa ya riƙe ni?"

Injiniya ya kalli ƙasa.

"Na ce wa ya riƙe ni?"

"Ba bare ba ne."

"Wane ne?"

"Ɗan Gwaggonki ne. Mai Kyamis." Maganar ta riƙa fitowa da ƙyar. "Ya kawo gyaran waya makon jiya, ya tarar ina fama. Ya ce shi ma yana taɓawa. Ya ce komai ya wuce, shi yanzu yayan amarya ne, yana so ya sa hannu a kyautar. Shi ya ce a sa sulken, wai minti kaɗan ne, wa zai sani. Na ga ɗan'uwanki ne, na ce gara shi da wani..."

"Maimaita."

Ba Allura ce ta faɗa ba. Baba ne, tsaye a bakin rumfar, hularsa a hannu. Injiniya ya zabura har kujerarsa ta kife, ya zube ƙasa.

"Baba, sannu da zuwa, Baba ina wuni..."

"Riƙe gaisuwarka. Ɗan yayata ne ya zauna a nan ya sa wa 'yata wannan abin?"

"Shi ne, Baba. Amma da yardata. Laifina ne."

"Ya ɗauki hoto a gabanka?"

"Ya ce na tarihi ne."

Baba ya rufe ido. Ya tuna yadda yaron ya shigo masa da safe da sallama a sanyaye, yana cewa ciwon 'ya mace na dangi ne.

"Kai kuma," ya ce da Injiniya, "da girmanka, da gemunka, kura ta ce maka ta tuba, ka ba ta ajiyar akuya. Wayar mutane ma haka kake ba duk wanda ya yi maka murmushi?"

"A'a, Baba."

"To 'yata ba ta kai waya ba ke nan."

Injiniya ya fashe da kuka, kukan gaske, kafaɗunsa na girgiza. "Baba, wallahi ina son ta. Gida na so in ba ta. Ban yi don in tozarta ta ba."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Da safe ya rantse yaron nan ba zai taka masa gida ba. Yanzu kuma da ya ga inda ƙullin ya fito, sai wani tsoron ya kori wancan. In aka fasa, unguwa za ta ce hoton gaskiya ne. Yayarsa za ta dawo gobe da ɗanta a gaba. Kuma ya san 'yarsa: in ta rufe zuciyarta a kan wannan, Allah kaɗai ya san ranar da za ta sake buɗewa.

Ya juya gare ta. Ta ciro wayarta daga aljihu tana dannawa, fuskarta a bushe.

"Me kike yi, Uwata?"

"Lamba nake canzawa."

"To. Ya yi kyau." Ya gyara murya. "Batun Asabar kuma... na yi magana cikin fushi ɗazu. Tunda gaskiya ta fito, wancan munafukin ni zan ji da shi, har uwarsa. Su zo ɗin kawai, a rufe bakin mutane."

Injiniya ya ɗago da sauri, idanunsa jiƙe. "Na gode, Baba! Allah ya ƙara girma! Allah ya..."

"Kada kowa ya zo."

Su biyun suka kalle ta.

"Ka gaya wa iyayenka kada su wahalar da kansu," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Ba Baba ne ya hana ba. Ni ce."

"Allura, don girman Allah! Ɗagewa kike nufi ko fasawa?"

"Ban sani ba tukuna. Da na sani da na gaya maka, ni ba na yi wa mutum abu a bayan idonsa."

"Uwata, ki yi tunani," in ji Baba, har yana kama gefen mayafinta a gaban mutane. "Ki dube shi fa. Yaron nan wawa ne, na yarda. Amma ba mugu ba ne. Mugun yana can zaune a falona."

Sai a lokacin ta ɗago ta kalli mahaifinta. Hawayen suka dawo, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Baba, mugu ai na san yadda zan yi da shi, shekara biyu ina rufe masa ƙofa. Wawan da na ba makulli da hannuna, shi ne ban san yadda zan kwana gida ɗaya da shi ba."

Ta zare mayafinta daga hannun Baba a hankali, ta duba hagu, ta duba dama, ta tsallaka titi zuwa shagonta.

Injiniya yana durƙushe yana kiran sunanta. Baba ya tsaya a tsakiya da hula a hannu, ya kalli ƙofar shagon da aka turo, ya kalli hanyar gida inda yayarsa ke zaune tana jiran albishir, ya rasa wacce ƙafa zai fara ɗagawa.